Ruwan Da Ya Girmi Baba

Gidan Marke, ta Tsanyawa
Nuwamba, 1984

Zuwa ga taubashina Muntaka,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da sanyin Jos, ina gaida Furera da yara. Mu nan da sauƙi, in dai wannan sunansa sauƙi. Baba yana fama da ƙafarsa kamar kullum. Inna kuwa, wato Gwaggonka Hure, tana nan da ƙarfinta da bakinta, ta ce in tambaye ka ko hanyar Kano ce ta ɓace maka.

Kada kanka ya kumbura, ba kewarka ce ta sa na ɗauki biro ba. Ruwa ne. Ka dai ji yadda daminar bana ta yi mana, gero yana fitar da kai ruwa ya ɗauke. Yunwa muna lallaɓa ta da rama da tafasa, amma rijiyoyin nan uku da ka sani sun fara juya mana baya. Ta Fadama, mai daɗin nan da kake cika cikinka da ita in ka zo hutu, yanzu sai an zauna an jira ta taru kafin guga ya cika. Ta Masallaci laka take bayarwa. Mai Kanwa ta kan tudu, wadda ko jaki sai ya yi shawara kafin ya sha, ita ce take ɗan tsatsafowa ba fashi, har mun fara girki da ita.

Ma'aikatan ruwa sun zo da wayoyinsu na awon ƙasa, suka zagaya, suka kafa turaku biyu: ɗaya a fadama, ɗaya kusa da Mai Kanwa. Sun ce injin haƙa burtsatse zai zo kafin damina, rami ɗaya ne rabon kowane ƙauye, mu zaɓi wuri da kanmu. Tun ranar dattawa suke ja-in-ja a zauren Mai Unguwa Ja'afaru, kullum a watse ba matsaya.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne Baba. Ya ce in burtsatsen bai ba da ruwa ba, zai kwashe mu zuwa Rimin Gado wajen ƙaninsa, ya bar gonar. Har ya sauko da geron iri daga rumbu ya ɗinke a buhu. Mutumin da ko kasuwar Tsanyawa ya je sai ya leƙa gonarsa kafin ya shiga gida! In ya bar ta ba zai daɗe ba, na sani, kuma ina jin tsoro.

Ranar bikin 'yar'uwarmu Maryam ka ce aikinka shi ne tambayar ruwa daga ina ya fito, muka yi ta yi maka dariya. To, yau ga ranarka. Ka tambayar mana namu.

Taka,
Barira

*

Jos
Disamba, 1984

Barira malamar makaranta,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗi da kika tuna kina da na gaba. Muna lafiya, sai tarin da ƙaramin yake yi. Ki gaida Baba Sabo da jiki, ki ce wa Gwaggo hanya ba ta ɓace ba, aiki ne ya riƙe ni.

Labarin buhun irin nan ya taɓa ni ƙwarai. Ga kwalabe uku na ba Sama'ilu direba, an wanke su wanki na musamman, na rubuta sunan kowace rijiya a jiki. A cika kowace da ruwanta har baki, a toshe da kyau, a dawo min da su.

Bari in gaya miki abin da zan yi da su, ko kya daina dariya. Ruwan ƙarƙashin ƙasa ba tafki ba ne da yake kwance wuri ɗaya. Tafiya yake yi, wani ta cikin yashi, wani ta tsagar dutse, kuma duk inda ya bi sai ya kwaso gishirin wurin. Kamar yadda in mace ta dawo daga injin niƙa ba sai ta faɗa ba, garin da ke zaninta ya isa. In na auna abin da kowane ruwa ya kwaso, zan san ko rijiyoyinku hanya ɗaya suke sha ko kowace da tata.

Sai kuma shekarunsa. Wajen shekara talatin da suka wuce manyan ƙasashe suka yi ta gwajin bama-bamai a sararin sama, abin ya bar wata alama a ruwan sama na duniya duka. Ba ta cutarwa, ba a ganinta, amma na'ura tana gane ta. Ruwan da ke ɗauke da ita ya sauka ne bayan wannan lokaci, wanda babu ita a cikinsa kuwa ya riga ya shige ƙasa tun kafin nan. Wannan awon ba ma yin sa a nan, sai ogana ya aika ƙasar waje, saboda haka zai ɗan ɗauki lokaci.

Ki roƙi Baba ya dakata.

Muntaka

*

Gidan Marke
Disamba, 1984

Muntaka,

Gaisuwa da fatan tarin yaro ya lafa. Ga kwalabenka nan. Jarrabawar ƙarshen zango ta sha min kai, sai Inna ta ce in bar mata, ai aikin ɗanta ne, ita za ta yi da hannunta.

Na karanta wa dattawa wasiƙarka a zaure, kuma wallahi da na sani na tsallake zancen bam ɗin nan. Mai Unguwa ya ce, "Wato yanzu yaron nan cewa yake akwai bam a rijiyar Masallaci?" Na ce a'a, alama ce kawai. Liman ya ce alamar me, tunda ba a gani, ba a ji, ba ta cutarwa? Ni ma ban sani ba. Wani ya ce shi dai bai taɓa jin an yi wa ruwa suna ba, balle a ƙirga masa shekaru. Aka tashi kowa ya fi rikicewa fiye da yadda ya zo.

Baba kuwa ya ɗauki sandarsa ya koma gida. Buhun yana nan a bayan ƙofa.

Barira

*

Jos
Janairu, 1985

Barira,

Ina fatan kuna lafiya. Yaro ya warke, alhamdu lillahi. Ni ne dai kaina ya ɗaure.

Na auna kwalaben nan, duka ukun abu ɗaya suka nuna, ba bambanci ko na ƙwayar gero. Muka zaci na'urar ce ta lalace, muka kwance ta muka wanke, muka sake, amsa ba ta canza ba. Ogana har ya yi murna, ya ɗauko taswira ya zana hanya ɗaya doguwa da ta bi ƙarƙashin garinku, ya ce bai taɓa ganin irin wannan a ƙasar dutse ba. In haka ne, ruwanku ɗaya ne, ko ina aka haƙa duk ɗaya, kuma in ɗaya ta ƙafe sauran za su bi ta.

Amma ni na sha Mai Kanwa ina yaro, har yau harshena bai yafe mata ba. Na buɗe kwalbarta na kurɓa, abin da ba a yi a wurin aikinmu, sai na ji ruwa garau, mai daɗi, da wani ƙamshi da ya tuna min da ɗakin Gwaggo. Kuma kin ce ta Masallaci laka take bayarwa, ga shi kwalbarta fes kamar hawaye. Ko dai Mai Kanwa ta tuba ne bayan tafiyata, ko kuma akwai abin da ban sani ba. Don Allah kada ki gaya wa kowa komai tukuna, ki fara bincika min yadda aka cika kwalaben.

Muntaka

*

Gidan Marke
Fabrairu, 1985

Malam Muntaka mai na'ura,

Muna gaisuwa. Ƙafar Baba ta kumbura, sauran muna nan.

Kai wane irin mutum ne da za ka ajiye "kada ki gaya wa kowa" a gindin wasiƙa? Ka san ba ni kaɗai nake buɗe wasiƙarka ba. Sama'ilu yana miƙo ta, rabin gari ya biyo shi. Ina karantawa da ƙarfi, na kai inda ka ce in ɗaya ta ƙafe sauran za su bi ta, sai Baba ya dafa bango ya miƙe ya fita. Kafin in kai ƙarshe in gane ba a so a ji, ya riga ya aika wa ƙaninsa a share mana ɗakuna.

Na shiga gida na sami Inna tana tankaɗe. Na ce, "Inna, kwalaben Muntaka, a ina kika cika su?"

Ta ce, "A ina kuwa? A randa mana."

Na ce, "Wace randar?"

"Babbar, ta ɗakina. Sai da na tace da farin ƙyalle sau biyu, na sa sabuwar jema ta kwana a ciki."

Ka san randar nan, duk abin da aka samo daga rijiyoyin uku a cikinta ake juyewa. Na ce, "Inna, ai cewa ya yi kowace rijiya da kwalbarta!"

Ta ajiye rariya ta dube ni. "Ke Barira, ashe karatun naki bai koya miki kunya ba? Ɗan yayana, yana can cikin manyan mutane, in ɗauki laka in aika masa? Matarsa ta buɗe ta ce haka dangin mijinta suke sha? Ko baƙon da ban sani ba ba na ba shi ruwa daga bakin guga, balle Muntaka. Ai ruwan rijiyoyin ne duka a ciki, in shi gwani ne ya raba abinsa."

Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan kuma sai kuka ya zo, ban san daga ina ba. Ogan naka ya goge taswirarsa, randar Inna ya zana.

Na wanke wasu kwalaben da tafasasshen ruwa, na je kowace rijiya da ƙafata na cika. Ta Masallaci ja ce, Mai Kanwa kuma da ɗacinta. Inna ta daina yi min magana, amma sai da ta naɗe su a tsumma don kada Sama'ilu ya ga abin kunya. Na yi wa Baba bayani, ya ce, "Jiya ruwa ɗaya, yau ruwa uku. Gobe nawa zai zama?" Ya dai yarda zai jira injin.

Barira

*

Jos
Afrilu, 1985

Barira,

A gurguje nake rubutu, mota tana jira, za mu yi aikin daji a Borno na wasu makonni. Kowa lafiya. Ki ce wa Gwaggo ruwan randarta ya fi na duk Jos daɗi, ogana ma ya shaida.

Sakamako ya dawo, kuma wannan karon ya yi ma'ana. Ta Fadama da ta Masallaci hanyarsu ɗaya, yashin rafi suke sha, kuma alamar nan tana cikinsu sosai. Ruwansu yaro ne, na 'yan damunan nan. Mai Kanwa kuwa ba danginsu ba ce sam. Gishirin da ta kwaso na dutse ne mai zurfi, kuma babu alamar a cikinta ko kaɗan. Ruwanta ya girme ni, ya girme ki, ina jin ya girmi Baba Sabo ma.

Kin ga magana ta fito fili, ba sai an yi dogon bayani ba. Ki gaya wa Mai Unguwa, a huta da gardama. Na ji daɗi ƙwarai.

Muntaka

*

Gidan Marke
Afrilu, 1985

Muntaka,

Allah ya dawo da kai lafiya. Mu nan zafi ya kai inda ya kai, awaki biyu sun mutu.

An huta da gardama kamar yadda ka ce. Ina gama karantawa Mai Unguwa ya ce alhamdu lillahi, yaro ya raba mana rigima, fadama za a haƙa. Kowa ya amsa, har waɗanda a da suke goyon bayan tudu. Suka ce ruwan da ya kwana biyu a tulu ma dabbobi ake ba, ina ga wanda ya shekara saba'in a rami? Ashe shi ya sa take ɗaci, tsufa ne. Baba ya nuna ƙafarsa ya ce, "Ni na san abin da tsufa yake nufi. Abin da ya girme ni, saura me ya rage masa?" An cire turken tudu, an aika wa ma'aikatan ruwa.

Ni ma na yarda a zauren, har na yi maka addu'a. Amma da na je ɗiban ruwa sai wani abu ya tsaya min a rai. In yaron ne mai ƙarfi, me ya sa shi ne yake mutuwa a gabanmu, tsohuwar kuma tana nan tana tsatsafowa? Na sake karanta wasiƙarka har ta fara yagewa. Ka ce magana ta fito fili, amma ba ka faɗi wace maganar ba. Na je wajen Mai Unguwa, ya ce ai ni na karanta da bakina, ko yanzu kuma ruwan ya koma huɗu ne?

An ce injin yana ƙauyen da ke gaba da mu. Ka rubuto da kalma ɗaya, fadama ko tudu. Kalma ɗaya, Muntaka, ba lacca ba.

Barira

*

Jos
Mayu, 1985

Barira,

TUDU. Tudu, don girman Allah!

Yau na dawo na tarar da wasiƙarki a ƙarƙashin ƙofar ofis, ban ko zauna ba. Inna lillahi. Ni a wajena abin a bayyane yake, ban taɓa kawowa za a ji shi a juye ba.

Ruwa ba ya tsufa irin tsufan mutum, kuma a cikin dutse ba ya lalacewa irin na tulu. Ruwan fadama yaro ne domin daminar bara da ta bara waccan ne suke ciyar da shi. In sama ta hana, shi ma ya hana, abin da kuke gani ke nan. Na Mai Kanwa kuwa ya taso daga nesa, ya daɗe yana tafe ta tsagar dutse, farin nan bai ma kai gare shi ba tukuna. Ki ce wa Baba fadama gona ce, sai an yi damina take bayarwa. Mai Kanwa rumbun tsimi ce, hatsin shekarun baya ne a ciki.

Ba zan yi miki ƙarya ba, ban san girman rumbun ba, na'urarmu ba ta faɗin wannan. Na dai san bakinsa kawai rijiyar ta taɓa, in aka ƙara zurfi za a fi samu. Ɗacin kuma na auna shi, ba ya cutarwa.

Ki tsayar da injin ko da kwanciya za ki yi a gabansa. Na ba Sama'ilu wannan hannu da hannu.

Muntaka

*

Gidan Marke
Yuni, 1985

Taubashina,

Assalamu alaikum. Ina gaida Furera da yara. Ƙafar Baba tana nan yadda take, amma yana cin abinci.

Motar Sama'ilu ta lalace a hanya, wasiƙarka ta iso bayan injin ya gama ya tafi. A fadama aka haƙa. Ruwa ya fito, aka yi guɗa, aka yanka ɗan akuya. Bai yi wata ba famfon ya fara tari, yanzu sai a yi ta bugawa kafin a cika tulu ɗaya. Ma'aikatan ba su da laifi, inda muka nuna nan suka haƙa.

Ranar da na karanta wasiƙarka a zaure, Baba ya riga ya ɗaure gadaje, an yi magana da mai mota. Na karanta har ƙarshe. Sai gardama ta ɓarke sabuwa. Mai Unguwa ya ce shi fa har yanzu bai ga yadda tsoho zai fi yaro ba. Liman ya ce yaron nan ya ce ɗaya, ya ce uku, ya ce yaro, ya ce tsoho, wanne za a kama? Wani ya sake tayar da zancen bam. Ni kaina da aka tambaye ni yadda ruwa yake tafiya a cikin dutse, cewa na yi Allah ne masani.

Baba ne kawai bai shiga ba. Can ya ce, "Barira, maimaita wurin rumbun nan." Na maimaita. Ya ce, "Ya ce bai san girmansa ba?" Na ce haka ya ce. Sai ya ce, "To wannan ita ce magana ta farko da na gane. Ba mai sanin abin da ke cikin rumbun wani sai ya leƙa."

Washegari ya sallami mai mota, ya ce a ba shi mako biyu. Ya tara masu haƙar rijiya da duk namijin da bai tafi ci-rani ba, aka shiga Mai Kanwa da diga da guduma. Dutse ne, Muntaka, wuni guda a fito da abin da bai fi ƙwarya biyar ba. Baba ba ya iya sauka, sai ya zauna a baki yana jan igiya, in an ce ya huta ya yi kamar bai ji ba. Mako biyun suka wuce bai tayar da zancen tafiya ba, mu ma ba mu tuna masa ba. Ana cikin na uku sai wanda ke ƙasa ya yi ihu, wai ya fasa wata tsaga, ruwa yana fitowa da sanyi kamar na randa. Kafin la'asar ya kai masa gwiwa. Yanzu in an kwana yana kai ƙirji, gari duka yana sha, ana yamutsa fuska ana godiya.

Har yau hadari bai haɗu ba. Amma shekaranjiya na ga Baba ya jawo buhun nan daga bayan ƙofa, ya sa wuƙa ya farke ɗinkin. Ya tafi gona da sandarsa ya yi binne, ya zuba irinsa a busasshiyar ƙasa yana jiran sama. Na tsaya a bakin gona ina kallonsa yana ɗingishi yana rufewa da ƙafar mai ciwon, na yi kuka, ban ɓoye ba.

Kada ka zaci na gane aikinka. Har yanzu ban san yadda ruwa zai girmi ubana kuma ya fi na bara amfani ba, kuma kullum na jefa guga sai na tuna ba wanda ya san girman rumbun.

Ga kwalba ɗaya a hannun Sama'ilu. Ba ni na cika ba. Inna ce ta hau tudu da kanta, ta karɓi guga, ta ɗura ruwan yadda ya fito, da jan ƙasarsa da komai, ba ta tace ba. Ta ƙi yarda a naɗe ta a tsumma. Ta ce ka auna, in da hali ka gaya mata ko zai kai jikokinta. Amma ta ce kada ka kuskura ka sha. Wanda za ka sha yana cikin randa, ta sa jema, sai ka zo.

Taka,
Barira